Tarihin Sergei Korsakov, likitan Rasha da ya bi diddigin cutar mantuwa

Akwai wata cuta ta ƙwaƙwalwa wadda ba kasafai ake cin karo da ita ba, amma duk likitan da ya taɓa ganin mai fama da ita da wuya ya manta da shi. Za ka iske mutum da hankalinsa, ya amsa maka sallama, ya yi maka barka da zuwa, ya faɗa maka sunan kakansa da unguwar da aka haife shi. Ka fita ka dawo bayan minti biyar, sai ya sake tarbarka tamkar baƙon da bai taɓa gani ba. In ka tambaye shi inda ya yini jiya, sai ya ba ka labarin kasuwar da ya ci da mutanen da ya gana da su, alhali kuwa ya yi wata guda bai sauka daga gadon asibiti ba.

Da sunan wani likita ɗan ƙasar Rasha, Sergei Korsakov, ake kiran wannan cuta a duk faɗin duniya. Littattafan likitanci galibi suna danganta ta da mashaya barasa, abin da zai sa da dama daga cikin mutanenmu su ɗauka cewa ba ta shafe su ba. To amma tushenta shi ne ƙarancin sinadarin bitamin B1 a jiki, kuma shi kansa Korsakov ya gan ta a jikin mata masu jego, da masu zazzaɓin taifot, da waɗanda amai ya ƙi tsaya musu, mutanen da ba ruwansu da giya. Saboda haka tarihinsa ya cancanci a waiwaye shi, musamman a yankuna irin su Sabon Birni da Isa a gabashin jihar Sakkwato, inda rashin tsaro ya raba dubban jama'a da gonakinsu da rumbunansu.

Ɗan garin masu gilashi

An haifi Sergei Sergeyevich Korsakov a ranar 22 ga watan Janairun shekara ta 1854, bisa lissafin tsohuwar kalandar Rasha, a garin Gus-Khrustalny da ke lardin Vladimir, gabas da birnin Mosko. Garin ya yi suna wajen sarrafa gilashi, kuma mahaifinsa shi ne babban manajan masana'antun attajiran gidan Maltsov da ke can. Tun yana yaro aka tura shi karatu Mosko, inda ya kammala sakandare da lambar zinariya a 1870, ya kuma shiga sashen koyon aikin likita na jami'ar Mosko yana da shekaru 16 kacal. Ya fito a 1875.

Daga cikin malamansa, wanda ya fi yin tasiri a kansa shi ne Aleksei Kozhevnikov, mutumin da ake ɗauka a matsayin uban ilimin cututtukan jijiya a Rasha. Bayan ɗan gajeren aiki a asibitin masu taɓin hankali na Preobrazhensky, Korsakov ya yi shekaru uku a ƙarƙashin Kozhevnikov, daga 1876 zuwa 1879, sa'an nan ya koma asibitin da ya baro. Wannan zirga-zirga tsakanin fannoni biyu ita ta share masa hanyar abin da ya gano daga baya. Likitocin jijiya na wancan zamani ƙafafu da hannuwa suke dubawa, likitocin ƙwaƙwalwa kuma magana da ɗabi'a. Shi kuwa ya saba da duba duka biyun a jikin mutum guda.

Darasin farko

An ruwaito cewa ranar da ya kama aiki a asibitin Preobrazhensky, babban likitan wurin ya nuna masa cewa jami'a ba ta koya masa komai game da masu taɓin hankali ba, tunda ko ɗaure majinyaci bai iya ba. Darasin farko da aka ba shi ke nan, na yadda ake ɗaure mutum. Daga baya shi da kansa ya riƙa ba da wannan labari.

Ba Rasha ce ta fara tunanin kwance majinyata ba. Philippe Pinel ya yi fice a kan haka a birnin Paris tun cikin shekarun 1790, kana John Conolly ya daina ɗaure marasa lafiya a asibitin Hanwell da ke kusa da London daga 1839. Amma a Rasha ta zamanin Korsakov, rigar nan mai dogayen hannuwa da ake naɗe majinyaci da ita, da ɗakin kaɗaici, da tagogi masu sandunan ƙarfe, su ne kayan aikin yau da kullum. A 1881 ya karɓi jagorancin jinya a wani asibiti mai zaman kansa na iyalan Bekker a Mosko, kuma a can ya fara jarraba kula da marasa lafiya ba tare da igiya ba.

Abokan aikinsa da yawa sun yi masa kallon mai neman jawo fitina. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce, domin majinyacin da ya fusata yana iya ji wa ma'aikaci rauni. Amsar da ya bayar ita ce a ƙara yawan masu jinya, a koya musu haƙuri, a kwantar da wanda ya birkice a gado ana lura da shi, a kuma sama wa masu sauƙi aikin hannu da abin da zai ɗebe musu kewa. Ra'ayinsa shi ne yawancin faɗan da ake gani a ɗakunan majinyata ɗaurin ne da kansa yake haddasa shi. A babban taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Rasha, wanda aka yi a Mosko cikin watan Janairun 1887, ya gabatar da maƙala a kan barin ɗaure majinyata, da wata kuma a kan kula da su a cikin gidaje tsakanin iyali.

A wannan shekara ce aka buɗe asibitin ƙwaƙwalwa na jami'ar Mosko. Wata attajira, Varvara Morozova, ita ta ba da kuɗin gina shi, bayan mijinta Abram Morozov ya rasu da ciwon ƙwaƙwalwa a 1882, kuma Korsakov ne ya yi jinyarsa. Tun daga farko shi ke tafiyar da harkokin asibitin na yau da kullum a ƙarƙashin Kozhevnikov, ya fara koyar da ɗalibai a 1888, ya zama farfesa a 1892, aka kuma damƙa masa shugabancin asibitin a 1893. Kafin ƙarshen ƙarnin an daina amfani da ɗakunan kaɗaici a wurin, an kuma ciccire sandunan tagogi. Maƙwabcin asibitin, wanda shinge kawai ya raba lambunsa da nasu, shi ne shahararren marubucin nan Leo Tolstoy, kuma yakan leƙo su tattauna.

Mai karatu a arewacin Najeriya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan batu. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, 'yan makonni bayan haka kuma aka ga irinsa a Daura. Sai a watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Muhawarar da Korsakov ya yi da abokan aikinsa shekaru fiye da 130 da suka wuce, ita ce dai iyalai da dama ke yi a tsakar gida idan ɗansu ya birkice, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kuma ya yi musu nisa.

Mutanen da jiya ta ɓace musu

A shekara ta 1887 ɗin dai ya kare kundin digirinsa na digirgir, wanda ya rubuta a kan shanyewar gaɓoɓi da barasa ke haddasawa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa mashayi kan wayi gari ƙafafunsa sun mutu, suna zugi da tsikari, naman ƙwaurinsa ya zube. Abin da Korsakov ya lura da shi shi ne da yawa daga cikin waɗannan mutane suna da wata larura ta biyu a ƙwaƙwalwa, mai kama ɗaya a jikin kowannensu. Tsakanin 1887 da 1891 ya wallafa jerin maƙaloli da Rashanci da Jamusanci da Faransanci yana siffanta ta, kuma a 1889 ya gabatar da ita a wani taron likitocin ƙwaƙwalwa na duniya a Paris.

Har yau masana na yaba irin zurfin lurar da ya yi. Ya nuna cewa hankali da iya lissafi da tsara hujja duk suna nan daram. Majinyaci kan buga wasan dara irin na Turawa da gwaninta, ya hango dabarar abokin karawarsa, amma da zarar an kwashe kayan wasan sai ya ce bai taɓa yin wasa da kowa ba. Yakan karanta shafi guda na littafi sau da dama yana jin daɗinsa kamar sabo. Yakan gama cin abinci, a ɗauke kwano, ya tambaya yaushe za a kawo abinci. Abubuwan ƙuruciya suna nan a ransa, na shekarun baya-bayan nan sun dushe, na yau kuwa ba su zama ko kaɗan. Ɗaya daga cikin waɗanda ya fi yin bayani a kansu wani marubuci ne ɗan shekaru 37, wanda ya saba da shan barasa mai ƙarfi a tafiye-tafiyensa na Saiberiya.

Sai kuma batun ƙagaggen labari. Majinyacin da bai iya tsayawa da ƙafarsa zai gaya maka cewa ɗazu ya dawo daga unguwa, ya faɗi wanda ya gani da abin da suka tattauna. Korsakov ya gane cewa mutumin ba ƙarya yake shararawa da gangan ba. Tsofaffin abubuwan da suka taɓa faruwa da shi ne suke tasowa su zauna a gurbin da ba nasu ba, shi kuma ya gaskata su da zuciya ɗaya. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga masu jinya a gida, domin babu abin da ya fi saurin ɓata tsakanin iyali da majinyaci kamar a ɗauka yana raina wa mutane hankali ne.

Ya kuma lura da wani abu da ya ɗauki masana kusan ƙarni guda kafin su ba shi suna. Ko da majinyaci ya manta abin da ya faru, wani saura yana maƙalewa. Zai iya sakin jiki da wanda ya kyautata masa, ya ɗaure fuska ga wanda ya ɓata masa rai, ba tare da ya san dalili ba. Wasu da suka samu sauƙi ma sun riƙa tuno abubuwan da suka faru lokacin da ake zaton babu abin da ke shiga kansu. Daga nan ya yanke cewa ana yi wa irin waɗannan mutane magana da ladabi, a kuma kiyaye abin da ake faɗa a gabansu.

Abin da aka fi mantawa da shi a aikinsa shi ne ƙididdigar marasa lafiyar. Kimanin 30 mashaya ne, amma wasu 16 ba su da alaƙa da barasa. A cikinsu akwai matan da zazzaɓin bayan haihuwa ya kama, da masu taifot, da masu tarin fuka, da masu toshewar hanji, kuma amai mai tsanani ya sha fitowa a labarinsu. Korsakov ya fahimci cewa lallai akwai wani abu guda da ya haɗa mashayi da mai jego. Sai dai ya zaci wata guba ce ke yawo a jini, har ya saka wannan zato a cikin sunan da ya laƙaba wa cutar. A nan ya kuskure, ko da yake a zamaninsa babu wanda ya san akwai wani abu wai shi bitamin.

A watan Agustan 1897 birnin Mosko ya karɓi baƙuncin babban taron likitocin duniya karo na 12. A zauren likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa, Farfesa Friedrich Jolly na Berlin ya ba da shawarar a riƙa kiran cutar da sunan Korsakov, aka kuma amince. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan lokaci Bajamushe ya miƙa wa ɗan Rasha irin wannan girma.

Rabin labarin yana Jamus

Shekaru shida kafin kundin Korsakov, wato a 1881, wani likitan Jamus mai suna Carl Wernicke ya ba da bayanin mutane uku da suka mutu cikin 'yan kwanaki da alamu iri ɗaya: ruɗewa, da tangaɗi wajen tafiya, da rawar ƙwayar ido ko kafewarta. Biyu maza ne mashaya. Ta ukun wata budurwa ce mai ɗinki 'yar shekaru 20, wadda ta sha ruwan batir, ƙofar tumbinta ta tsuke, ta yi ta amai har ta mutu. Da ya bincika ƙwaƙwalensu sai ya ga ɗigo-ɗigon jini a can tsakiya.

Wernicke da Korsakov sun rayu a zamani guda, amma babu wanda ya gane cewa cuta ɗaya suke kallo daga gefe biyu. Abin da Wernicke ya gani shi ne farkonta, lokacin da take da zafi kuma ake iya ceto mutum. Abin da Korsakov ya siffanta shi ne tabon da take bari. Shi ya sa a yau ake haɗa sunayensu a ce cutar Wernicke da Korsakov.

Mabuɗin ya fito ne daga wani wuri da babu mai zato, wato akurkin kaji a tsibirin Java na ƙasar Indunisiya ta yanzu. A cikin shekarun 1890 likitan Holand Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge sarai suna shanyewa kamar masu ciwon beriberi, in kuma aka ba su dusar shinkafar sai su miƙe. Shi ma da farko guba ya zarga. Magajinsa Gerrit Grijns ne ya ce a 1901 wani abu ne jiki ke buƙata wanda ake zubarwa tare da dusa. A 1926 Barend Jansen da Willem Donath suka tace sinadarin daga dusar shinkafa, a 1936 kuma Ba'amurke Robert Williams ya haɗa shi a ɗakin bincike. Shi ne tiyamin, ko bitamin B1.

Hujja mafi ƙarfi a kan mutane ta zo ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu likitocin Birtaniya biyu, Hugh de Wardener da Bernard Lennox, waɗanda su ma fursunoni ne a sansanin Changi na Singafo a hannun Japanawa, sun rubuta bayanin sojoji 52 da cutar Wernicke ta kama. Ba barasa a sansanin. Farar shinkafa ce abincinsu, ga atuni da gudawa. Waɗanda aka samu yi wa allurar tiyamin da wuri sun fi tsira. An buga rahoton a mujallar Lancet a 1947.

Yadda abin yake aukuwa ba shi da wuyar fahimta. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, kuma ita kaɗai tana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samarwa. Tiyamin ne ke taimaka wa ƙwayoyin halitta su ƙona sukarin. Abin da babban mutum ke buƙata a yini bai wuce miligiram 1.1 zuwa 1.2 ba, mai ciki da mai shayarwa kuma 1.4. Matsalar ita ce jiki ba ya ajiye fiye da kimanin miligiram 30, kuma wannan ajiya tana iya ƙarewa cikin makonni biyu zuwa uku idan babu mai shigowa. Sassan tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke ɗaure sabon abu a cikin tunani su ne kan gaba wajen lalacewa. Barasa tana jawo cutar ne saboda tana hana hanji tsotse sinadarin, mashayi kuma ba ya cin abincin kirki. Duk abin da zai yi wannan aiki, ko yunwa ko amai ko doguwar gudawa, zai iya kai mutum wuri guda.

Daga Mosko zuwa bakin gulbin Rima

Najeriya ma tana da nata babi a wannan tarihi. Tun a 1958 likitoci suka ba da rahoton wata cuta ta karkarwa da tangaɗi da ke ɓulla da damina a yankin Ilesha na ƙasar Yarabawa. A 1993 likitan jijiya Bola Adamolekun ya danganta ta da cin wata tsutsa mai suna Anaphe venata, dangin wadda ake samun zaren tsamiya daga gare ta, kuma a shekara ta 2000 bincike ya tabbatar cewa tsutsar na ɗauke da wani sinadari mai rusa tiyamin wanda zafin wuta ba ya kashe shi da sauƙi. Waɗanda abin ya fi kamawa talakawa ne da abincinsu ya dogara ga rogo da doya.

Abincin gargajiya na ƙasar Gobir, a gaskiya, kariya ne daga wannan cuta. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk suna da tiyamin. Shinkafar fadama da mata ke turarawa kafin a casa ita ma tana riƙe da nata, domin turarin yana tura sinadarin daga dusa zuwa cikin ƙwaya, dabarar da ta kare al'ummomi da dama daga beriberi tun ba su san sunansa ba. Inda ake asara shi ne wajen surfe mai yawa da wanke tsaba sau da dama, da kuma dafa abinci da kanwa mai yawa, saboda tiyamin ba ya jure haɗuwar zafi da kanwa. Wannan abin lura ne ga masu jego, waɗanda buƙatarsu ta ƙaru a daidai lokacin da ake ɗura musu kunun kanwa.

Amma mutumin da ke da rumbu da garken awaki daban yake da wanda aka kora daga ƙauyensu. A ranar 27 ga watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Sabon Birni. A watan da ya gabaci wannan, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutane kimanin 23,000 da suka tsallaka zuwa Jamhuriyar Nijar daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, akasarinsu zuwa jihar Maraɗi. A watan Disamban 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Wanda ya bar gonarsa ya koma cin abin da ya samu, wato garin rogo da sukari da farar shinkafa, cikinsa zai cika amma ajiyar tiyamin tana raguwa. Haka wanda ya yi makonni a daji a hannun masu garkuwa da mutane. Idan irin wannan mutum ya dawo gida yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, abu ne mai sauƙi a ce firgita ce ko iska ko sammu, kuma firgitar tana iya kasancewa gaskiya. Sai dai ya kamata a duba idonsa da tafiyarsa, a kuma tambayi abin da ya ci.

Rukuni na biyu su ne mata masu laulayi mai tsanani, waɗanda ko ruwa ba ya zama a cikinsu har tsawon makonni. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya tattara bayanan mata 177 a sassan duniya da cutar Wernicke ta kama ta wannan hanya, kuma kusan rabinsu sun rasa cikin. A nan akwai wani tarko da ya dace kowa ya sani. Abin da aka saba yi wa wanda ya galabaita shi ne ƙarin ruwa, kuma sau da yawa ruwan mai sukari ne. Idan jiki ya riga ya ƙare da tiyamin, sukarin da aka ɗura masa zai cinye ɗan abin da ya rage, ya ingiza ƙwaƙwalwa cikin cutar. Ƙa'idar likitoci ita ce a haɗa da allurar tiyamin, kafin ruwan ko tare da shi, ga duk wanda ya daɗe yana amai ko yunwa. Allurar ba ta da tsada, kuma idan an yi ta da wuri rawar ido kan lafa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki.

Gane cutar ne ke da wuya, har a ƙasashen da suka ci gaba. A 1986 likita Clive Harper na Ostireliya ya duba bayanan mutane 131 da binciken gawa ya tabbatar suna da ita, ya tarar kashi 80 cikin 100 ba a gano ta ba suna raye, kuma kashi 16 cikin 100 ne kawai suka nuna alamun nan uku na Wernicke gaba ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Ostireliya ta wajabta zuba tiyamin a fulawar burodi daga 1991. Idan kuwa aka makara har mantuwar Korsakov ta kafu, binciken da Maurice Victor da abokansa suka wallafa a Amurka a 1971 ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne ke warkewa sosai, rabi su samu ɗan sauƙi, sauran kuma su zauna haka.

Ƙarshen rayuwarsa

Korsakov bai yi tsawon rai ba. A 1890 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa ta Mosko, a 1893 kuma ya fitar da littafinsa na koyar da likitancin ƙwaƙwalwa, wanda ɗaliban Rasha suka daɗe suna karatu da shi. Ya shugabanci ƙungiyar tallafa wa ɗalibai marasa galihu na jami'ar Mosko, kuma an san shi da kwana a asibiti idan wani majinyaci ya rikice. Daga cikin almajiransa akwai Vladimir Serbsky, wanda ya gaje shi a shugabancin asibitin, da Pyotr Gannushkin.

Mutum ne mai jiki sosai, kuma a shekarunsa na ƙarshe ciwon zuciya ya matsa masa, amma bai rage aiki ba. Ya rasu a Mosko a ranar 1 ga watan Mayun 1900 bisa tsohuwar kalanda, yana da shekaru 46. Wernicke ya bi shi a 1905, sakamakon hatsarin keke a dajin Thuringia. Dukansu biyu sun mutu fiye da shekaru ashirin kafin a tace sinadarin da ya bayyana abin da suka gani.

A 1901 abokan aikinsa suka fara buga wata mujallar likitanci da sunansa, wadda har yanzu take fitowa. Asibitin da ya shugabanta ma sunansa yake ɗauke da shi, kuma a 1949 aka kafa mutum-mutuminsa a harabar wurin.